Ni Ba Ɗan Caca Ba Ne, Ɗan Lissafi Ne

A cikin 'yan cacar duniya kaf, babu mai gudun sunansa kamar ɗan poka na Amurka. Mai sayen tikitin lotiri ya san sa'a yake nema, mai jan na'urar caca ma bai taɓa cewa ilimi yake nunawa ba. Amma ɗan poka, ka kuskura ka kira shi ɗan caca, sai ya zare baƙin tabarau ya yi maka laccar rabin awa a kan lissafi da haƙuri da karantar zuciyar ɗan Adam. Shi fa gwani ne, in ji shi. Fagen nuna gwanintar kuwa wani ɗaki ne a ƙuryar gidan cacar garinsu, inda agogon da kowa ke kallo ba ya faɗin ƙarfe nawa, mintocin da suka rage a ƙara kuɗin tilas da ake zubawa kafin raba kati kawai yake ƙirgawa.

Wasan da suka fi bugawa shi ne Texas Hold'em. Mutum tara ko goma a tebur, a ba kowa kati biyu ya ɓoye, sannan a buɗe guda biyar a tsakiya: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi ya kwashe, ko kuma wanda ya iya cika baki har kowa ya tsorata ya jefar da nasa. A gasa, kowa zai biya kuɗin shiga a ba shi tulin 'yan kwabban roba, in sun ƙare ya tashi ya ba da kujera. Ana ta haɗe tebura har mutum guda ya tattare komai.

In ana neman wanda ya jawo wannan jidali, a fara da Benny Binion, wanda ya tara wasu tsirarun gwanaye a gidan cacarsa na Horseshoe da ke Las Vegas a 1970. A wannan shekarar ƙuri'a ma aka kaɗa, aka ce Johnny Moss ne zakara. Daga nan gasar duniya ta World Series of Poker ta samo asali, kuma tun 1972 kuɗin shiga babbar gasarta dala 10,000 ne. Amma wanda ya hana magidanta zaman gida shi ne Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee. A 2003 ya sami kujera ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya doke kowa cikin mutum 839, ya tafi gida da dala miliyan 2.5. Zuwa 2006 masu shiga sun kai 8,773, a 2024 kuma 10,112. Tun daga ranar da akantan nan ya ci, duk wani akanta da mai gyaran famfo da likitan haƙori mai ritaya ya duba madubi ya ga magajin Moneymaker. Babu wanda ya taɓa duba madubin ya ga ɗaya daga cikin sauran 838 ɗin.

To, tunda dala 10,000 ba ta tsintuwa a ƙasa, sai a lallaɓa gidan cacar unguwa, inda ake gasar dala ɗari ko ƙasa da haka kusan kullum. Kuɗin ƙanana ne, amma shigar ta manya ce. Ga wani can da tabarau baƙi ƙirin da ƙarfe tara na dare, wai kada a karanta idonsa, alhali hannunsa rawa yake yi har kwabban na zubewa. Ga saurayi ya rufe kai da hular rigar sanyi, ya toshe kunnuwa da abin jin kiɗa, sai an taɓa shi sau biyu kafin ya san layi ya zo kansa. Ga dattijon da ya riga mai shara zuwa, wanda ke jefar da duk katin da aka ba shi. Ranar da ya tura kuɗi tsakiya, kowa ya san abin da ke hannunsa, sai a watse a bar shi da ɗan abin da bai isa kuɗin kofi ba. Dukansu kuma sun kalli Phil Hellmuth a talabijin, mutumin da ya ci munduwar da ake ba zakarun gasar duniya har guda 17, wanda ya taɓa shiga zauren gasa cikin shigar Kaisar na Rum, kuma ya yi suna wajen zazzaga wa duk wanda ya cinye shi masifa. Almajiransa na unguwa ba su sami munduwa ko ɗaya ba, amma masifar sun hardace ta tsaf.

Abin kallo na gaske yana bakin ƙofa lokacin hutu, inda waɗanda aka kora ke taruwa. Wani zai kamo hannun rigarka, ko bai san ka ba:

“Abokina, tsaya ka ji zalunci. As biyu ne a hannuna. As biyu! Wannan sakaran ya bi ni da bakwai biyu. Kati uku suka fito, ba komai. Na huɗu, ba komai. Na ƙarshe, ka san abin da ya fito?”

“Bakwai.”

“Bakwai! Yaya aka yi ka sani?”

Ai babu wanda bai sani ba, don labarin ke nan kullum. Lissafin da suke tinƙaho da shi ya nuna cewa as biyu, wato katin da ya fi kowanne ƙarfi, kan doke ƙananan tagwayen kati kusan sau huɗu cikin biyar, wato sau ɗaya cikin biyar dole su sha ƙasa. Amma duk lokacin da ɗayan nan ya zo, sai a karɓe shi kamar bala'in da ba a taɓa gani ba. Mai sauraro kuwa gyaɗa kai kawai yake yi, yana jiran mai magana ya ja numfashi ya sako nasa. Wurin ya koma gidan makokin da kowa karɓar gaisuwa ya zo yi, babu wanda ya zo gaisuwa.

A irin wannan gasa mutum goma zuwa sha biyar cikin ɗari ne ke samun wani abu. Idan ya rage saura mutum ɗaya a kora kafin a shiga rabon kuɗi, sai ka ga jarumta ta gudu. Wanda ɗazu yake ruri ya koma nazarin katinsa na minti biyu kafin ya jefar, yana leƙen teburin maƙwabta ko wani ya mutu. Da an sanar an kori mutumin, sai ɗaki ya ɗauki tafi, shi kuwa bawan Allah yana laluben makullin motarsa.

Wanda ya tsallake ya karɓi dala 180 bayan zaman awa bakwai, nan take zai ɗauki hoto ya sa a Facebook. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne sau biyu aka kore shi tun da farko yana komawa wurin mai karɓar kuɗi ya sake sayen kujera. Dala 300 ta fita, 180 ta dawo, a littafin ɗan poka wannan sunansa nasara.

Akwai dai mai cin riba kullum, shi ne wanda ba ya taɓa kati. A ce mutum ɗari sun biya dala ɗari-ɗari, gidan ya cire ashirin-ashirin ladan tebur da mai raba kati: ya ajiye dala 2,000 tun kafin a raba katin farko, sauran su yi ta kokawa a kan abin da ya rage. Gwaninta gaskiya ce, akwai 'yan ƙalilan da ke cin abinci da ita, amma ba ta hana tsiya. Stu Ungar ya ci babbar gasar duniya sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma a 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin otal a Las Vegas, caca da ƙwaya sun cinye dukiyar.

Kafin mu cika dariya, mu tuna samarinmu na shagunan cacar ƙwallo, masu rantsuwa cewa wasa ɗaya tak ne ya yanke musu tikiti. Su ma masana ne, sun san tarihin kowane ɗan wasa a Firimiya, kuɗin mota ne kawai ba su da shi.

Shi kuwa gwanin namu, ƙarfe biyu na dare zai shiga gida da sanɗa, ya tarar uwargida ba ta yi barci ba.

“Maigida, an ci?”

“Na buga daidai, babu kuskure ko ɗaya.”

“Kuɗin fa?”

“Suna can. Ai ajiya na ba su, ranar Asabar zan je in karɓo.”

“To, in ka je ka tambaye su ko suna karɓar ajiyar takardar kuɗin wuta, ga ta nan a kan tebur.”