Sauro a Ƙauye, Habaici a Fada

A 1783, talakawan yankin Dombes da ke kusa da birnin Lyon a Faransa suna ta mutuwa da zazzaɓi, saboda ruwan da ya kwanta musu a fadamu. Sai wani matashin basarake nasu, Ponceludon de Malavoy, ya zana yadda za a janye ruwan, ya naɗe takardunsa, ya hau doki ya nufi fadar Versailles don ya nemi taimakon Sarki Louis na 16. Bawan Allah ya ɗauka wanda ya zo da gaskiya da lissafi shi ake saurara. Wannan shi ne mafarin labarin fim ɗin Ridicule, wanda Patrice Leconte ya shirya a 1996.

Da isarsa aka nuna masa cewa maganar talaka da zazzaɓi tana ɓata wa manya cin abinci. Abin da ke tafiya a fadar nan shi ne kaifin baki. Ka iya jefa habaici a kan lokaci, ka yanka mutum da gatse a gaban jama'a har ya rasa ta cewa, to gobe sarki zai ji labarinka. Ka yi tuntuɓen harshe sau ɗaya, an binne ka da ranka. Wani dattijon likita, Bellegarde, wanda Jean Rochefort ya fito a matsayinsa, shi ya ɗauke shi almajiri. Dattijon nan har littafi gare shi da yake rubuta baƙaƙen maganganun da aka yi a taro, kowace da ajinta, sai ka ce mai kanti yana lissafin bashi. Babbar dokarsa kuwa ita ce kada mutum ya kuskura ya yi wa barkwancinsa dariya.

Mugunta ce zalla, amma cikin siliki da hoda. Akwai wani basarake da ya tsiyace, ya daɗe yana zaman jiran a kira shi gaban sarki. Ranar da kiran ya zo barci ya sace shi, sai Vilecourt, limamin coci kuma gwanin ba'a, ya zare masa takalmi ɗaya ya jefa a wuta. Ga kira, ga safa mai huji. Mutumin ya kasa shiga, ya je ya rataye kansa. Shi ma Vilecourt ɗin bakinsa ne ya yanka wuyansa: ya tsaya gaban sarki ya jero hujjojin samuwar Ubangiji, aka tafa masa, daɗi ya kwashe shi ya ce in sarki na so zai iya kawo hujjar akasin haka. Nan take fuskar sarki ta sauya, fadawan da ke tafi suka dare suka bar shi. Har Madam Blayac, wadda ke satar masa amsa a jikin maficinta lokacin gasar waƙa, ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

To, mu da muke kallo muna cewa Allah wadai, a yi mana adalci. Fadawan Versailles aƙalla sai sun wahala. Sai mutum ya kwana yana wasa harshe kafin ya samu kujera a teburin cin abinci. Namu na falon Honarabul ba su da wannan jarrabawar. Aikinsu dariya ce kawai, kuma tun maigida bai kai ƙarshen labarin ba wani ya riga ya faɗo daga kujera yana riƙe ciki, yana "Ranka ya daɗe, ka kashe mu!" Labarin kuwa jiya ma an ba da shi, shekaranjiya ma haka. Maigida da kansa ne ke buɗe dariyar, abin da da Bellegarde zai gani sai ya yaga littafinsa. Can bakin ƙofa kuma ga mai unguwa da takardar rijiyar burtsatse a aljihu, tun hantsi, ana ce masa oga yana ganawa.

Shi ma Ponceludon bai tsira ba. Ya koyi sana'ar har ya fi malamansa, ya kusa samun kunnen sarki, sai aka sa masa ƙafa a wurin rawa ya kife a gaban kowa. Ya tashi ya faɗa musu cewa yara za su mutu gobe saboda wannan dariyar tasu, ya yi tafiyarsa. Shekara 6 bayan zuwansa fada juyin juya hali ya ɓarke, a 1793 aka fille kan sarkin, gwanayen habaici suka watse, Bellegarde ya tsinci kansa yana gudun hijira a Ingila. Sai a lokacin, in ji fim ɗin, aka kama aikin janye ruwan.

Fim ɗin ya ci kyautar César ta gwarzon fim a Faransa, ya kuma shiga takarar Oscar. In za ka kalla, ka kalla kai kaɗai. Kada ka kalla tare da maigidanka, don ba za ka san inda ya halatta ka yi dariya ba.