Kanikawan Ƙofar Gida

Ranar da babu kasuwa kuma babu aiki, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, daga Sabon Gari zuwa Bagalam, da wuya ka bi layi uku a Maraɗi ba ka tarar da mota a gindin dogon yaro ba, murfin inji a ɗage, maigida ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, yaro na tsaye riƙe da sifana. Kafin la'asar wasu daga cikin motocin nan igiya ce za ta kai su gareji. Idan an zauna hirar abin, sai a ce jahilci ne. Ban yarda ba. Wanda bai san komai a kan inji ba tsoronsa yake ji, ko fitila ce ta mutu bakanike zai kira. Mai ɓarna kullum yana da wani sani na gaskiya, wanda ya taɓa fisshe shi kunya a baya, sai ya ɗauke shi ya kai wurin da ba ya ci. Ga su nan iri-iri, kowa da abin da ya sani da kuma inda abin ya yashe shi.

Dattijonsu shi ne magajin Fijo. Tun 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa 504, kuma shekaru masu yawa ita ce ke jigila tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Mota ce mai haƙuri: kafireto, buji huɗu, ƴan wayoyi da za ka iya ƙirgawa, kuma sifana da filaya sun isa a tashe ta a daji. Wanda ya yi ƙuruciyarsa da ita ya koyi dabaru na gaske. Ɗaya daga ciki ita ce a cire kan batir inji na aiki, in bai mutu ba an tabbatar na'urar caji lafiya take. Yau ɗansa ya sayo masa Corolla daga cikin tsofaffin motocin Turai da suka daɗe suna shigowa ta tashar ruwan Kwatano, kafin rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin ƙasarmu na 26 ga Yulin 2023 ya karkata hanya. Tun 2001 doka ta wajabta wa sababbin motocin fetur a Turai su zo da na'urar da ke lura da aikin inji, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa. Batir shi ke shanye tsallen wuta. Da ka cire shi, tsallen ya tafi kai tsaye ga ƙwaƙwalwar nan. Dattijo ya cire, inji ya ɗan ci gaba da aiki, ya juyo yana murmushi ya ce wa ɗan nasa, "Ka gani ko, yaro? Tun ba a haife ka ba muke wannan." Da safe mota ta ƙi tashi. Nan ma yana da magani: ya tara samarin layi su tura. Sun tura har bakin kwalta, sun dawo da ita, sun sake turawa, gumi ya jiƙa kowa, kafin wani mai kabu-kabu ya leƙa ya ce, "Baba, ai wannan mai giyar kanta ce, ko Damagaram za a tura ta ba za ta kama ba."

Na biyu ya fi ba ni tausayi, don shi gwani ne na gaske. Manomin Jiratawa ne, daga yankin gandun noman rani mai wajen hekta 500 da hukumar ONAHA ke kula da shi da lambunan da ke kewaye, inda zogale da albasa da tumatir ba sa jiran damina. Ƙaramin injin ban ruwa abokin zamansa ne. Yana kwance shi ya wanke ya mayar tsakanin azahar da la'asar, kuma maƙwabta shi suke kawo wa nasu. Zogale ya yi kuɗi, ya sayi tsohuwar Starlet. Ranar da ta fara tari ya san buji ne, kuma bai yi kuskure ba. Ya zare wayoyin huɗu gaba ɗaya, ya goge kowane buji tas, ya mayar. Abin da injin ban ruwa bai taɓa koya masa ba shi ne, mai silinda ɗaya wayarsa ɗaya ce, ba ta da inda za ta ɓata. Mai silinda huɗu kuwa yana tashi ne bi da bi, galibi ɗaya, uku, huɗu, biyu, kuma wayoyi huɗu ana iya jera su ta hanya 24, guda ɗaya tak ce daidai. Ya murza makulli, salansa ta yi ƙarar da ta watsa awakin layi, wata tsohuwa ta yi salati daga cikin gida. Ya sake jeri, ya sake murzawa. Zai iya dacewa kafin batir ya mutu, amma yawanci batir ke riga shi.

Sai mai karamci. Wannan tarbiyyar gidansu ce ta bi shi har cikin inji: ba a ba baƙo abinci kaɗan. Ya san rashin baƙin mai ke sa inji ya buga, gaskiya ne kuwa, don haka in sandar awo ta ce ya isa, sai ya ƙara lita guda don alheri. Mai in ya wuce ƙa'ida, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji yana kaɗa shi ya zama kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe, ga robobi na fara yoyo, ga hayaƙi shuɗi yana bin mota har masu adaidaita na toshe hanci. Haka yake da ɗauri. Ya taɓa jin labarin tayar da ta fita ta riga mota zuwa gari, don haka yakan zura dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle. In noti bai karye a nan take ba, ranar da taya ta yi faci a hanyar Tibiri, yana sanye da shadda za shi ɗaurin aure kusa da fadar Sarkin Gobir, zai gane cewa abin da ya ɗaure da nauyin jikinsa duka ba ya kwantuwa da ɗan sifanan da ke bayan mota, bututun kuma yana gida.

Akwai wanda a wurinsa duk abin da ke cikin kwalba ɗan uwan juna ne. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Garin nan ya tashi da ƴan ruwa-ruwa masu jera kwalabe a bakin titi, tun zamanin da fetur ɗin Najeriya ke da arha kafin a janye tallafi a watan Mayun 2023, kuma buɗe matatar mai ta SORAZ a Damagaram a 2011 bai kawar da al'adar ba. Ido ya saba da mai a kwalbar da ba ta da suna. Bayan motar mutumin nan akwai robobin ruwan sha huɗu: man birki, man sitiyari, baƙin mai da ruwan batir, duk ya ce yana gane su da launi. Da rana yana ganewa. Bayan magariba sai ya zuba baƙin mai a tukunyar birki, robobin ciki su kumbura, bayan kwana kaɗan ya taka birki a mararraba ƙafarsa ta wuce har ƙasa. Ƙanensa shi ne mai aron Hilux ɗin yayansa, wanda don nuna godiya ya cika ta da esansi alhali gazuwal take sha. Ya tuna bayan ya biya, ya ƙi tayar da ita, wannan kam ya yi hankali, sai ya zura tiyo ya tsotsa da baki. Ya haɗiye rabin kofi. A sahun isha'i duk wanda ke kusa da shi ya san abin da ya faru tun daga gyatsar farko.

Ƙaraminsu ɗalibin waya ne. Ya sami bidiyon wani Bature yana kwance irin motarsa, sai dai ba shekararsu ɗaya ba kuma ba injinsu ɗaya ba. Ya bi shi tiryan-tiryan har komai ya bazu a tabarma, sai kuɗin intanet ya ƙare daidai inda za a fara mayarwa. Da ya haɗa da ka, kusoshi uku da ɗan zoben roba suka yi saura. Ya jujjuya su a tafin hannu ya yanke hukunci cewa masu ƙera mota sun cika almubazzaranci.

Za a ce wannan dariyar mai ƙoshi ce. Mutum na neman jikar cefane, za a ce ya kai mota gareji don ɗan abin da hannunsa zai iya? Kuma kanikawan su waye? Wasu na canza abin da bai lalace ba, wasu na sa tsohon kaya su karɓi kuɗin sabo, kuma duk cikinsu babu wanda bai ɓata motar wani ba kafin ya iya. Duk wannan gaskiya ne, har ma zan ƙara: a gareji da yawa akwai magadan Fijo, masu cire ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai ƙasarmu da zafi, su bar ƙwaƙwalwa tana zaton inji da sanyi tana ta ƙara mai. Amma wannan ba ya rushe maganar, cutar ɗaya ce ta kama mai gareji: sani na jiya a injin yau. Bambancin kawai, yaron gareji yana ɓarnarsa ne a gaban maigidansa, bayan ya shafe watanni yana wanke ƙarafa da miƙa sifana, kuma ɗalibin makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa yana yin tasa a ɗakin koyo. Batun tsimi kuwa, akwai aikin gida da ke tsimi na gaske, kuma babu mai jin kunya a kansa: kakkaɓe matatar iska lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta, duba mai da ruwa da safe kafin a tayar, goge farin gishirin da ke taruwa a kan batir, auna iskar taya wurin mai faci. Mutanen da na lissafa a baya ba sa son waɗannan, don babu wanda zai tsaya kallon mai kakkaɓe matata.

Wata hujjar ta fi ƙarfi. In mota ta mutu a hanyar Dakoro ko ta Mayahi, nesa da kowane gareji, dabara ce ke kai mutane gida: sabulu a ramin tankin mai, igiya a madadin bel, ɗan zaren waya a gurbin fis da ya ƙone. Ba mai hankalin da zai raina wannan, ya ceci fasinja da yawa daga kwanan daji. Sai dai an yi dabarar ne don a isa gari. Namu yana isa gari sai ya manta, ko ya ga ai tana aiki. Fis an yi shi ne ya mutu don wayoyi su tsira. Zaren waya ba ya mutuwa, sai ya bar wayoyin su yi zafi a madadinsa. Bayan wata uku hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari a bakin babbar kasuwa ranar Litinin, ƴan dako na watsa yashi, shi kuma yana rantsuwa bai san dalili ba.

Me ke hana mutum tsayawa a inda saninsa ya ƙare? Ina ganin ƴan kallo ne, kuma su ma iri ne mai zaman kansa. Ɗaga murfin inji a Maraɗi kamar ɗora tukunyar shayi ne, kafin ka waiga fada ta cika. Wannan ya ce kafireto ne, a motar da ba ta da kafireto. Wancan ya ce kawunsa ya yi direba a Agadas, a zuba garin barkono a lagireto. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mota ta tafasa, duk fada ta haɗa baki: "Alhaji, buɗe ka zuba mata ruwa!" Murfin lagireto yana riƙe da matsi, matsin ne ke hana ruwa tafasa har wajen digiri 120, kuma da zarar an murɗe shi ruwan duk ya tashi lokaci guda. Alhaji a ransa ya san a jira ta huce ya fi. Amma mutum goma na kallo, cikinsu har da surukinsa, kuma cewa "ban sani ba" a gabansu ya fi masa zafi da tururi. Ya naɗe hannu da hula ya murɗe. Masu shawara su ne farkon gudu, kuma su ne farkon dawowa su ce dama sun faɗa.

Na ƙarshe a layin duk su ne, washegari, a bakin gareji. Bakanike ya tambaya, "Maigida, an taɓa ta?" Maigida ya dubi sama ya ce, "Wa zai taɓa? Haka kawai ta tsaya." In an matsa, sai ya ce yaran gida ne, ko ya rage murya ya ce akwai masu baƙin ciki tun ranar da ya saye ta. Bakanike kuwa ya riga ya ga notin da ya cinye, ya ga wayar buji ta uku a gurbin ta biyu, ya ga baƙin mai a ƙarƙashin faratan maigida. Ba zai ce komai ba, don ba a kunyata babba kuma ba a korar ciniki. Zai kira yaronsa su shafe yini suna neman abin da kalma biyu za ta nuna musu cikin minti biyar, ya lissafa yinin a cikin kuɗin aiki, sannan da yamma, bayan an biya, ya ce wa yaron ya duba aljihun ƙofar direba ko kusoshin da suka ɓata suna can.