Ladubban Sauka a Otal ɗin Butik a Tsakiyar Santambul

Otal ɗin butik, a wurin masu harkar saukar baƙi, ƙaramin masauki ne wanda ɗakunansa ba kasafai suke kai ɗari ba, wanda kuma yake neman bambanta kansa da manyan otal-otal masu rassa a ƙasashe da yawa ta hanyar ado da tsufan gini da iƙirarin cewa an san kowane baƙo da sunansa. Ana danganta yaɗuwar wannan salo ga otal ɗin Morgans, wanda Ian Schrager da Steve Rubell suka buɗe a birnin New York a 1984, ko da yake mutanen Landan sukan tunatar da cewa Anouska Hempel ta riga su da otal ɗin Blakes tun 1978. Mai matsakaicin farashi kuwa, wanda shi ne abin nazari a nan, shi ne wanda ya gaji ƙanƙantar na farkon bai gaji dukiyarsu ba, saboda haka ya ƙware wajen sayar da abin da ya rasa a matsayin abin da ya zaɓa.

Unguwar Sultanahmet da ke tsakiyar tsohon birnin Santambul ta isa misali, domin tun da hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, kuma Çelik Gülersoy, shugaban ƙungiyar yawon buɗe ido da motoci ta Turkiyya, ya gyara tsofaffin gidajen katako na zamanin Daular Usmaniyya a layin Soğukçeşme ya mai da su masauki a shekarun 1980, duk wanda ya gaji gidan kakansa mai hawa uku ya gane cewa otal ya gada. 'Yan kasuwar Kano da ke zuwa sarin tufafi a unguwar Laleli sun daɗe da sanin manyan masaukan can, masu faɗin ɗaki da wurin jibge kaya, amma wanda ya ƙudura cewa wannan karon zai ga gari, ba shaguna kaɗai ba, yana buƙatar shiri na daban.

Shirin yana farawa da iya karatun talla. Hoton ɗakin da ake gani a intanet an ɗauke shi ne daga ƙuryar bango da kyamarar da ke shimfiɗa fili, don haka mai hankali ba ya duban hoto, yakan nemi adadin murabba'in mita da aka rubuta da ƙananan haruffa, kuma idan ya ga 12 ko 14 sai ya san cewa gado ya riga ya cinye kusan sulusin abin da ya biya. Inda aka rubuta cewa ginin mai tarihi ne, ma'anar ita ce babu lifta, wato akwatin ƙarfen da ke ɗaga mutum zuwa saman bene, ko kuwa akwai wadda ke ɗaukar mutum biyu marasa jiki bisa sharaɗin su bar kayansu a ƙasa. Inda aka ce ana hango Tekun Marmara, gaskiya aka faɗa, sai dai daga kan soro ake hangowa, ba daga ɗaki ba, wanda tagarsa take kallon bangon maƙwabci da na'urar sanyaya ɗakinsa. Babu ƙarya a cikin ɗayan waɗannan. Araha ce ba ta ado.

Filin jirgin saman Santambul, wanda aka buɗe a 2018, yana da nisan kimanin kilomita 40 daga unguwar, kuma da yake jiragen da ke tasowa daga Afirka ta Yamma sukan sauka da sassafe alhali ba a ba da ɗaki sai ƙarfe biyu na rana, baƙo zai isa da gajiyar dare guda ya tarar da saurayi mai fara'a a wurin karɓar baƙi, wanda zai karɓi fasfo, ya ba shi shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ya kuma shawarce shi da ya je ya sha iska na awa shida. Kafin nan ma direban tasi ya riga ya sauke shi a bakin wani lungu, ya nuna masa sama da hannu, domin layukan sun ƙuntata, wasu kuma an hana mota shiga. A nan ne ƙafafun akwati suke gamuwa da titin da aka shimfiɗa wa dunƙulen duwatsu, su riƙa kuka irin na injin markaɗe da sanyin safiya, har mazauna layin su san an yi sabon baƙo tun kafin otal ɗin ya sani. Wanda ya zo da jakar gana-masgo ya ɗora a kafaɗa ya fi mai akwatin tsada wayo a wannan mataki, ko da yake ba zai samu wanda zai yarda da hakan ba.

A cikin ɗaki, aikin farko shi ne gano cewa wuta ba ta kamawa sai an cusa katin buɗe ƙofa a wani ɗan rami da ke jikin bango, kuma duk wanda ya fita da katin ya bar waya tana caji zai dawo ya same ta yadda ya bar ta. Aiki na biyu shi ne soket, domin na Turkiyya mai rami biyu ne zagayayyu, wanda ya dace da fulogin mutumin Damagaram ko Maraɗi da ya gaji tsarin Faransa, amma ya ƙi na mutumin Zariya mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda dole ya roƙi adafta a ƙasa, inda za a shaida masa cewa guda ɗaya ake da ita kuma wani baƙo ya ara bara. Aiki na uku shi ne samar wa matasan kai guda takwas da aka jera a kan gado wurin kwana, tun da mutum kai ɗaya gare shi kuma ƙasan ɗakin akwati ya cika ta.

Batun salla yana buƙatar natsuwa. Bahaushe ya taso yana fuskantar gabas har kalmar ta zame masa alƙibla, amma daga Santambul Makka tana kudu maso gabas, ta fi ma karkata ga kudu, wanda shi ne dalilin da ya sa mihirabin Ayasofya ya ɗan goce daga tsakiyar ginin, kasancewar coci ne da Sarki Justinian ya kammala a shekarar 537 kafin Sultan Muhammadu al-Fatih ya mai da shi masallaci a 1453. Idan an gano alƙibla, za a tarar cewa gado ne ya tsaya a kanta, kuma tazarar da ke tsakaninsa da bango ta isa tsayuwa da ruku'u amma ana jayayya a kan sujada. Maganin wannan yana waje, inda masallaci yake a kowace kusurwa. Buta kuwa ba a buƙatar ɗaukowa daga gida, domin Turkawa sun haɗa wa masansu ɗan bututun tsarki wanda ake buɗewa da famfo a gefe, kuma ya kamata a buɗe shi a hankali karon farko. Abin da ba shi da magani shi ne bangon banɗaki na gilashi, wanda masu zanen ciki suka ƙirƙira don ɗaki ya yi kamar yana da faɗi, ba tare da sun yi tunanin wa da ƙane da suka haɗa kuɗin ɗaki ɗaya ba.

Karin kumallo, wanda a kan soro ake yinsa, shi ne wurin da otal ɗin yake rama wa baƙo. Za a jera masa zaitun baƙi da kore, da farin cuku, da tumatir da kokwamba, da zuma da kaymak, wato kakkauran saman madara, da simit, wato burodi mai siffar zobe da aka barbaɗa wa riɗi, da menemen, wanda ƙwai ne da aka soya cikin tumatir da tattasai, kowanne a ɗan faranti da bai wuce tafin hannu ba. Wanda ya saba da koko da ƙosai zai duba teburin ya ɗauka kayan miya ne aka kawo kafin a ɗora tukunya, kuma ana shawartarsa da kada ya jira, domin abincin ke nan. Ladabin wurin shi ne a riƙa komawa ana ƙarawa da fuskar wanda ke nazarin bambancin zaitun, kada a cika faranti ɗaya ya yi tozo. Ba a barin simit a tebur a tafi ɗaukar hoton hasumiyoyi shida na Masallacin Sultan Ahmad, saboda fararen tsuntsayen teku da ke zaune a bakin soron sun fi kowane baƙo sanin lokacin buɗe kicin, kuma kyanwar otal ɗin, wadda ba ta cikin jerin ma'aikata amma ta fi manaja daɗewa, tana jiran abin da suka bari.

Ainihin abin da baƙo ya saya, duk da haka, titi ne, ɗaki kyauta aka ɗora masa a kai. Wannan yakan yi wa mai hali nauyi, domin a inda ya fito tafiyar ƙasa alama ce ta cewa mota ta lalace ko arziki ya ja baya, kuma babban mutum ba ya taka sayyada daga gida zuwa masallacin layi sai ya ji ana tambayar lafiya. A Sultanahmet attajiri da ɗalibi ƙafa ɗaya suke takawa, kuma mota ita ce ke zuwa a makare. Daga ƙofar otal zuwa Ayasofya, wadda ta koma masallaci a 2020 bayan shekaru fiye da tamanin tana gidan tarihi, 'yan mintuna ne. Kusa da ita akwai tafkin ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, bayanta kuma Fadar Topkapı inda ake ajiye da alkyabbar Manzon Allah (SAW). Bin titin Divan Yolu na minti goma sha biyar yana kai mutum babbar rufaffiyar kasuwa mai shaguna kusan 4,000. Sai dai a lura cewa mintunan da saurayin wurin karɓar baƙi yake ƙirgawa da gwiwar ɗan shekara ashirin da biyar aka auna su, kuma birnin a kan tuddai bakwai aka gina shi, don haka duk gangaren da aka ji daɗinsa da safe bashi ne da za a biya da yamma. Takalmin fata mai santsin ƙasa da aka saya don tafiyar ba shi da aiki a nan, babbar riga kuma tana da kyau a hoto amma ba ta jituwa da cunkoson taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin tsakiyar titi, wanda layinsa na T1 yake ratsa unguwar zuwa Laleli ga wanda ƙafa ta ci amanarsa. Kasuwar a rufe take ranar Lahadi, fadar kuma ranar Talata, kuma an lura cewa baƙi suna da baiwar zaɓar waɗannan ranaku biyu daidai.

Mai tafiya a ƙasa yana haɗuwa da mutane, wanda shi ne amfaninta da kuma haɗarinta. Wanda ya tare shi da sallama ya tambayi ƙasarsa, ya kuma ambaci sunan Jay-Jay Okocha da ya buga wa Fenerbahçe, yana da ɗan'uwa mai shagon darduma a lungu na gaba, kuma shayin tuffa da za a kawo ba a biyansa da kuɗi sai da awa guda da kunyar tashi hannu rabbana. Mai gogen takalmin da burushinsa ya faɗi a gaban baƙo ya yi ta yar da shi tun safe. Jikan 'yan kasuwar Kurmi bai kamata a koya masa ciniki ba, amma gajiya da karamci sukan kwance wa mutum ɗamara.

Da dare Turawa sukan koka a rubuce da kiran sallar asuba da masallatan unguwar ke amsa wa juna, abin da Bahaushe ba zai ko lura da shi a matsayin hayaniya ba. Shi abin da zai hana shi barci shi ne katakon bene, wanda ke sanar da kowa lokacin da maƙwabcin sama ya tashi shan ruwa.

Ranar tafiya ana sallama kafin sha biyun rana, kuma a takardar biya za a ga farashin da aka yi alkawari da Yuro an juya shi zuwa Lira bisa canjin ranar, da harajin masauki da Turkiyya ta fara karɓa a 2023 a kan kashi 2 cikin ɗari, da kuma kuɗin ruwan gora da aka ɗauka daga ɗan firijin ɗaki da zaton sadaka ce. Akwatin da ya hau bene shi kaɗai zai sauko da ƙannai biyu da darduma a naɗe, ta matattakalar da aka gina wa mutanen da ba su da kaya. Saurayin zai taya saukewa, ya kira baƙo da sunansa daidai a karon farko, sannan ya roƙe shi ya ba otal ɗin maki goma a intanet, ya kuma rubuta sunansa shi saurayin a jikin kati don kada a manta da ambatonsa.