Madalla da Dokar Shekara Goma

Madalla da 'yan majalisar jihar Ohayo ta Amurka. Allah ya ba su basirar da ya hana sauran mutane, domin su ne suka zauna suka gano cewa laifin inji yakan tsufa ya mutu tun injin yana da sauran ƙarfinsa. Daga ranar 7 ga Afrilu, 2005, dokarsu ta ce duk kayan da kamfani ya ƙera, idan ya cika shekara 10 da isa hannun mai saye na farko, to babu ruwan kamfanin da abin da zai biyo baya. Injin ya ci gaba da aiki, ya ci gaba da kawo riba, ya datse yatsun wanda ke tsaye gabansa, maƙerinsa yana gida yana barci. Kun kyauta, ranku ya daɗe.

Abin da aka saba da shi tun da can shi ne wa'adin kai ƙara, wanda ake fara ƙirgawa daga ranar da mutum ya ji rauni. A Ohayo shekara 2 ne. Ka ji ciwo, ka yi sakaci har lokaci ya wuce, kai ka jiyo. Gwanintar wannan doka kuwa, ƙirgenta yana farawa ne ranar da aka sauke injin daga mota a ƙofar masana'anta, lokacin da wanda zai ji raunin wataƙila yana firamare da jakar littattafai a baya. Kafin ya girma, ya nemi aiki, a nuna masa inda zai tsaya, haƙƙinsa ya riga ya ƙare. An yanke shari'arsa tun jininsa bai zuba ba. Wa ya taɓa ganin kotu mai sauri haka?

Wanda bai san injin buga ƙarfe ba, ga yadda yake. Wata ƙatuwar guduma ce a sama. Ma'aikaci ya sa fallen ƙarfe a ƙarƙashinta, ya janye hannu, ya taka feda, ta sauko ta koma, ya miƙa hannu ya ɗauko abin da aka buga, ya sa wani. Haka zai yi ta yi tun safe har a tashi. Akwai tsofaffin ƙira waɗanda da zarar gudumar ta taso ba ta tsayawa sai ta gama zagayenta, ko da ya ɗage ƙafa. Idan wani ƙarfe a kulocin ya cinye, takan sake saukowa ba wanda ya taka komai, daidai lokacin da hannu ya koma ciki. Maganin wannan sananne ne: maɓallai biyu da sai an danna su da hannu biyu, ko murfin da ke hana hannu shiga, ko shingen haske a kan injin da za a iya tsayarwa a tsakiyar bugu. Daga Janairun 2015 hukumar OSHA, mai kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, ta wajabta wa masu masana'antu su kawo rahoto cikin awa 24 idan wani ya rasa gaɓa. A shekarar farko kaɗai rahoto 2,644 ta samu, kuma daga jihohin da take kula da su kai tsaye ne kawai. Dole mai tausayi ya rage wa alƙalai wannan cunkoso.

Masu ƙera injuna suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Sun ce bayan shekaru da yawa takardu sun ɓace, injiniyoyin da suka zana injin sun mutu, an sayar da shi hannu uku, mai masana'anta ya kwance murfin don aiki ya yi sauri. Sun ce kuɗin inshora da na lauyoyi yana cinye su, alhali kishiyoyinsu na ƙasashen waje da suka shigo kasuwa daga baya ba su da tsofaffin injuna a ƙasa. To, tantance irin wannan ai shi ne aikin kotu: idan mai masana'anta ne ya cire murfi, maƙeri ya fita, idan kuwa tun asali ƙirar ce mai cin hannu, ya biya. Amma tantancewa tana cin lokaci. Ya fi sauƙi a kori mai gaskiya da marar gaskiya a tare, kuma majalisa ta zaɓi mai sauƙin. Don kada a ce ba ta da adalci, ta bar 'yar kafa ga wanda zai iya tabbatar da cewa kamfani ya yi yaudara, da wanda ke riƙe da rubutaccen garanti mai tsawo, da wanda asbestos ya cutar. Ma'aikacin da ke gadon asibiti da dungu sai ya tashi ya nemo takardun da kamfanin da kansa ya ce sun ɓace.

Wani abin burgewa, injin nan da alfaharin ƙarko ake sayar da shi. Ranar ciniki cewa ake zai yi shekara talatin, zai yi arba'in, a karɓi kuɗin shekara arba'in ɗin. Ranar alhaki sai ya zama ɗan shekara goma.

Kada wani ya ce an bar ma'aikaci hannu rabbana. Akwai diyyar ma'aikata, wadda ke biyan asibiti da kusan kashi biyu cikin uku na albashi, har zuwa wani iyaka. Ohayo ma ta tsara wa jikin ɗan Adam farashi a rubuce: babban yatsa kuɗin mako 60, manuniya mako 35, ƙaramin yatsa mako 15, hannu daga wuyansa mako 175, hannu gaba ɗaya mako 225. Azabar da ya sha ba ta cikin lissafi. A madadin wannan alheri, ba shi da ikon kai uban gidansa ƙara, sai in da gangan ya cuce shi. Ƙofa ɗaya ce ta rage masa, ta maƙerin inji, ita ce kuma aka rufe. Uban gida ya tsira, maƙeri ya tsira, asara ta samu mai ɗaukarta.

A ranar 3 ga Maris, 2005, inji ya sauko wa wani ma'aikaci a hannu a masana'antar General Motors da ke Toledo, injin da ya haura shekara goma. A 2008 kotun ƙolin jihar ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, sai dai ba za ta hau kan wannan mutum ba, tunda raunin ya riga ta. Bawan Allah ya yi sa'a, ya ji ciwonsa da wuri. Da injin ya yi haƙurin mako biyar, da ko bakin ƙofar kotu bai kai ba.

Ohayo ba ita kaɗai ke da wannan baiwa ba. Indiyana da Tenesi da Jojiya shekara 10 ne, Teksas 15. Karolina ta Arewa ta daɗe a kan 6 kafin ta karaya ta mai da shi 12 a 2009. Kotunan Alabama a 1982 da Yuta a 1985 ne suka kasa fahimta, suka soke irin wannan doka, wai tsarin mulkinsu ya ce ƙofar kotu a buɗe take ga duk wanda aka cuta. A Washinton ma an yi ƙoƙari. A 1994 aka ba masu ƙera ƙananan jiragen sama wa'adin shekara 18. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya hau kujerar na ƙi a kan ƙudurin da ya ƙunshi shekara 15. Sai Steve Chabot, ɗan majalisa daga Sinsinati, birnin da ya yi suna wajen ƙera injunan masana'antu, ya kawo nasa na shekara 18, majalisar wakilai ta amince a 2000, ya maƙale a ta dattawa. Wannan ƙuduri shi ya fi kowane iya zaɓe, domin a batun rauni wanda ya cancanci diyyar ma'aikata kaɗai ya hana ƙara. Baƙon da ya shigo yawon buɗe ido injin ya ji masa ciwo yana da haƙƙi. Wanda ke tsaye gaban injin awa takwas kullum ba shi da shi.

Sannunku da aiki, 'yan majalisa. Dokarku ba ta ce a ajiye inji idan ya cika shekara goma ba, ba ta ce a sa masa sabon murfi ba, ba ta ma ce a gaya wa ma'aikaci ranar da haƙƙinsa ya ƙare ba, don kada hankalinsa ya tashi ya kasa cika adadin bugun da aka ɗora masa.