Waya Biyu, Gudu Ɗaya

Oga ya dawo daga wani taro a Abuja da lissafi a bakinsa: ɗaya da ɗaya biyu. Wani ya gaya masa a teburin cin abinci cewa idan aka sa wa sabar waya biyu, gudunta zai ninka. Ko jaka bai ajiye ba ya aika a kira ni.

"Injiniya, ramuka nawa ne a bayan sabar nan tamu?"

"Huɗu, ranka ya daɗe."

"Nawa muke amfani da su?"

"Ɗaya."

Ya dube ni duban wanda ya gano inda kuɗin ofis ke zurarewa.

Abin da ya ji ɗin akwai shi. Ana haɗa katunan netwok biyu ko fiye su zama ƙungiya guda, da adireshi guda, kuma tun daga Windows Server 2012 wannan dabara tana zuwa a cikin manhajar, ba sai an nemo ta a waje ba. Na jona waya ta biyu, wadda na tarar tana lilo daga silin, na zaɓi tsarin LACP, na danna. Sabar ta ɓace daga ofis gaba ɗaya. Kafin in ɗaga kai, akanta na tsaye a bakin ƙofa, ga shi ƙarshen wata, takardar albashi tana cikin sabar.

LACP yarjejeniya ce da aka kafa a ƙa'idar IEEE 802.3ad a shekarar 2000, aka mayar da ita 802.1AX a 2008. Sharaɗinta shi ne sai ɓangarori biyu sun yi magana: sabar a nan, suwic a can, wato akwatin da duk wayoyin ofis suke haɗuwa. Sabar tana aika ɗan saƙo duk bayan daƙiƙa ɗaya, ko 30 idan an saita a hankali, tana jiran amsa. Namu suwic ɗin babu wanda ya gaya masa an yi baƙi. Sai sabar ta zama baƙuwa mai tarbiyya, tana ta kwaɗa sallama a ƙofar gida, ba a amsa ba, ita kuma ta rantse ba za ta shiga ba.

Maganin shi ne in shiga suwic in haɗa ramukan biyu a can ma. Kalmar sirri kuwa tana hannun ɗan kwangilar da ya kafa shi, wanda aka ce yanzu kiwon kaji yake yi. Na kira shi, ya ce in gwada sunan ɗansa na fari. Na gwada. Ya ce to na biyu. Muna cikin bin zuri'arsa sai masinja ya ɗaga akwatin zai goge ƙura, ga kalmar nan a rubuce da biro a jikin salatif.

Aka amsa sallama, sabar ta dawo, akanta ya koma yana ƙunƙuni. Amma waya ɗaya ce ta shiga ƙungiyar. Fitilar ramin farko kore shar, ta biyun ruwan lemo. Na duba, ta farko tana gudun megabit 1000, ta biyu 100, LACP kuwa ba ya haɗa wayoyin da gudunsu ya bambanta. Wayar netwok zare takwas ne a cikinta, an murɗa su bibbiyu. Megabit 100 zare huɗu sun ishe shi, gigabit sai takwas ɗin sun cika.

Na ɗauko tsani na shiga silin. Ƙurar hunturun bara da ta bana duk suna nan sun jira ni. Ina rarrafe, tocila a baki, har na iske inda aka farke wayar: wani mai gyaran wuta ya zare huɗu daga cikin zarurrukan, ya naɗe da baƙin salatif, ya ja su waje. Na yanke, na mayar da kowane zare gidansa, na sauko fari fat. Sakatariya ta gan ni ta yi salati. Fitilu biyu kore.

Oga ya zo gwaji da kansa, da bidiyon bikin 'yarsa. Ya tura shi cikin sabar yana duba agogo. Megabait ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, daidai da jiya, daidai da shekaranjiya.

"Yallaɓai, hira guda tsakanin kwamfuta da sabar waya ɗaya take bi, don kada guntayen saƙo su iso a birkice. Sai mutane sun yi yawa ake raba su, wasu nan, wasu can. Kuma kwamfutarka ma waya ɗaya gare ta. Babban amfanin shi ne, in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe."

"Wato ɗaya da ɗaya, ɗaya ke nan?"

"A wurin mutum ɗaya, haka ne, ranka ya daɗe."

Ya fita bai ce uffan ba.

Ana nan sai maigadi ya daina amsa gaisuwata. Ashe zarurrukan nan huɗu su ne wayar intakom ɗinsa. Yanzu duk baƙon da ya zo, sai dattijo ya hau bene da ƙafa ya sanar, ya sauko, ya shigo da shi.

Ranar wata Litinin na tarar da fitila ɗaya a mace. Mai shara ta fisge waya ta biyu da tsintsiya tun ranar Alhamis, kuma babu wanda ya ji ko ɗar. Na garzaya ofishin Oga da murna, yau dai ga hujja.

"Ka gani, Yallaɓai? Waya ta fita, aiki bai tsaya ba!"

Ya cire tabarau.

"Tun Alhamis take a cire?"

"Tun Alhamis."

"Kuma babu wanda ya lura?"

"Ko mutum ɗaya."

"To ashe ba ta da amfani. Mayar wa maigadi abinsa."