Mu da Masu Nazarin Laifuka

Mu mutanen Jimeta, in aka fizge wa wani waya a Dubeli ko Jambutu, kafin la'asar labari ya zaga kowace majalisa. "'Yan Shila ne," in ji kowa, wato samarin nan masu fizgen waya. Kawu ya ce talauci ne, Goggo ta ce tarbiyya ce ta lalace, Hamma ya ce ƙwaya ce. Duk akwai ƙamshin gaskiya, sai dai da an kira magariba zancen ya watse.

Akwai waɗanda wannan zance ne sana'arsu: masu nazarin laifuka, wato waɗanda suka karanta kiriminoloji. Yaranmu ma suna karanta shi a buɗaɗɗiyar jami'ar NOUN, mai cibiyar karatu a Yola. Amma da yaro ya faɗi fanninsa sai mu ce, "To, ɗan sanda za ka zama ko lauya?" Aikin ba ɗaya ba ne. Ɗan sanda wanda ya yi laifin yake nema, lauya hujja yake kaiwa gaban alƙali. Mai nazari kuwa tambayarsa ita ce: me ya jawo, a wane lungu, da wane lokaci, kuma me zai hana a sake?

Sun daɗe suna wannan tambaya. A 1876 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya ce ana gane mai laifi daga siffar fuska da ƙoƙon kai. Masana sun yi watsi da ra'ayin tuntuni, mu kuwa har yau askin yaro muke kallo mu kira shi ɓarawo. Edwin Sutherland na Amurka ya nuna cewa koyon laifi ake yi wajen abokan hulɗa. Kakanninmu ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson suka ce ba a yin laifi sai abu uku sun haɗu: mai mugun nufi, abin ɗauka mai sauƙi, da rashin mai sa ido.

Biyun ƙarshe a hannunmu suke. Mu ke riƙe waya a bakin ƙofar Keke Napep, mu ke barin lungu ba fitila, a cikinmu ake samun mai sayen waya da araha ba rasit. Dukan wanda ake zargi kuwa bai taɓa gyara ko ɗaya ba, sai ɗaukar alhaki.

Don haka in mai unguwa ya kira taron tsaro da 'yan banga, a gayyato yaran nan da suka yi karatun, a ba su tabarma, a saurare su.