Kaka Ta Ce Kanar, Jika Ya Ce Kolonel

A garuruwanmu mutum zai ci bashi ya ƙi biya, a yi masa uzuri. Zai tsallake layi a gidan mai, a ce ai babba ne. Amma ya kuskura ya miƙe a taron siyasa ko na yaye ɗalibai ya ce "pipti" a wurin fifty, to ya shiga uku, ya kuma shiga waya. Kafin ya koma kujerarsa an yanko bidiyon, an ɗora masa kiɗa, ya zagaya WhatsApp har ya isa wayar surukarsa. Bature ya tattara ya tafi tun 1960, bai bar wasiyyar a tsare masa yare ba, amma mun naɗa kanmu dogarawansa, ba albashi ba fansho.

Laifin da aka fi kama mutane da shi ba shi da wani asiri. Hausa ba ta raba p da f ba. Sautin da muke rubutawa da f, da leɓɓa biyu muke fitar da shi, Bature kuwa haƙori yake ɗorawa a kan leɓe. Namu sai ya faɗa tsakiya, wani lokaci ya karkata nan, wani lokaci can, a bakin Basakkwace ma ya koma "hw", ka ji "hwara" da "hwaɗi". To mutumin da bakinsa ya shekara talatin a haka, ranar da ya ci karo da people dole a ji "fiful". Haka v take komawa b, shi ya sa muke da direba da talabijin. Kowace al'umma da inda bakinta yake tuntuɓe. Balarabe "Bebsi" yake sha, kuma bai fasa sayen kulob ɗin ƙwallo a Ingila ba. Bajapane yana fama da r da l, motarsa kuwa ita muke hawa. Yaron da aka haifa a gabashin Landan "firi" yake cewa in yana nufin three, ba wanda ya kira taron dangi a kansa.

Abin da dogarawan ba sa faɗa shi ne Turancin kansa ba shi da alƙawari. Haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka wajen 44. Injin buga littafi ya shiga Ingila a 1476 ta hannun William Caxton, rubutu ya fara daskarewa, alhali bakin mutane yana ci gaba da sauyawa. K ɗin knife a da ana furta ta, aka daina, aka bar ta tana gadi a ƙofa. B ɗin debt kuwa wasu malamai ne suka cusa ta daga baya don a san kalmar tana da dangi a Latin, wato burga ce ta 'yan bokon wancan zamani. Ka jera though, through, tough da cough: wutsiya iri ɗaya, furuci huɗu. Wanda ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani, ya ɓata.

A nan ne tsofaffinmu suka yi mana fintinkau. Su da kunne suka karɓi Turanci, daga bakin Turawan bariki da sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, ba su taɓa ganin rubutun ba balle ya ruɗe su. Suka ji Bature ya kira hafsan soja, suka ce kanar. Daidai ne, kusan haka ake faɗa a Landan har gobe, duk da cewa colonel ake rubutawa. Suka ce laftanar, da f ɗinsa, yadda sojan Ingila yake faɗa, alhali babu f ko ɗaya a cikin lieutenant. Suka ce kabad, suka bar p ɗin cupboard tana barci. Suka ce rasit, suka ce biskit. Sai ga jika ya dawo hutu daga jami'a, da tabarau ba ciwon ido:

"Kaka, ki daina ba mu kunya. Ba kanar ba ne, kolonel ake cewa. Ga shi nan a rubuce."

"To, maigidana, ni dai haka na ji kakanka yana faɗa, shi kuwa ya sara wa mai muƙamin ido da ido."

Tsohuwa ta ci gaba da tsinken goronta, jika ya tafi yana girgiza kai saboda jahilcin mutanen da. Gobe zai je shago ya nemi "risipt", ya buɗe "kof-bod", ya yi alƙawarin dawowa ranar "Wed-nes-de".

Yaran gidan kallon ƙwallo ma sun gaji wannan baiwa. Tun da Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, Ahmed Musa kuma ya koma can a shekarar, babu mai tura baro a Sabon Gari da bai san "Lesta" ake cewa ba. Mai digiri biyu da bai damu da ƙwallo ba, shi ne zai kalli takarda ya karanto maka "Laisesta" da cikakken ƙarfin gwiwa.

Ba zan ɗora wa jikan laifi duka ba. A jarrabawar WAEC akwai takarda guda ta gwada furuci. Yadda ake gwadawar shi ne a tara yara ɗaruruwa a zaure, a ce kowa ya yi shiru, a ba su fensir su cike gurbi. Wanda ya buɗe baki ya furta kalmar don ya ji yadda take, mai sa ido zai kore shi da laifin satar amsa. Yaro ya fito da sakamako mai kyau a furuci, ba a taɓa jin muryarsa ba.

Sai kuma 'yan karya harshe, waɗanda su nasu ciwon na zaɓi ne. Alhaji ya je Dubai sarin atamfa da waya, mako biyu, ya dawo da harshen Amurka. Yadda aka yi harshen Amurka ya same shi a Dubai, Allah masani. Ruwa ya zama "wara", kowace jimla sai an sa mata "yu no" a gaba da "laik" a baya. Hajiya ƙarama an haife ta a Fagge, an yaye ta da koko, amma yanzu "ba na jin Hausa sosai". Ka taka mata ƙafa a kasuwar Kwari ka ji Hausar da ko a Kurmi sai an tona. Akwai gidajen da aka kafa dokar hana Hausa, yaro ya je ƙauye gaishe da kakarsa a nemo tafinta. Akwai makarantun da har yanzu ake cin tarar yaro in ya yi "banakula", malamin da ke karɓar tarar kuwa da zai biya tasa, da albashinsa bai kai gida ba.

Ta fuskar ma'ana, mu da dogarawan duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Hausa muke yi, mu sa mata kwat. Mutum yana fita daga ɗaki ya ce "I am coming", Bature ya tsaya yana kallon ƙeyarsa yana mamakin wane irin zuwa ne wannan. "Ina zuwa" ce kawai. Ka wuce leburori suna haƙa, ko rabi ba su yi ba, ka ce "well done", wato sannu da aiki, shi kuwa Bature sai an gama an yi kyau yake faɗar haka. Wani ya yi tuntuɓe ka ce "sorry", baƙo daga Ingila ya ce ai ba kai ka ture shi ba. Mukan "hear" wari, mu "drink" ƙwayar magani, mu kira baƙonmu na gida "stranger" bayan mun yanka masa kaza. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Yare ne ya zo ƙasar mutane, ya koyi gaisuwa.

Masu yaren ma sun sallama. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da Kannywood, okada, buka da "next tomorrow", wato jibi. Wannan ta ƙarshen, yara nawa aka zane a kanta a firamare? Yanzu da ta samu shiga, wa zai rama musu bulalarsu? Daga baya suya ma ta bi sahu, ba tare da mai tsire ya cike fom ba.

In ana maganar iya Turanci a Arewa, sunan Abubakar Tafawa Balewa ake fara kawowa, har ana yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Ya koya a Kwalejin Katsina, ya ƙaro a Landan. Ka saurari jawabinsa na ranar samun 'yanci: a hankali, kalma bayan kalma, ba shaƙe hanci, ba "yu no". Kuma mutumin nan shi ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Bai ga cewa sai ya zubar da ɗaya zai riƙe ɗayan ba.

Kai mai koyo, wayar da ke hannunka tana da ƙamus, kusa da kowace kalma akwai 'yar alamar lasifika. Danna ta, ka saurara, ka maimaita da ƙarfi ko da ƙannenka za su leƙo ta taga. P da f aikin madubi ne na 'yan kwanaki: in leɓɓa sun haɗu sun fashe, p ce, in haƙori ya hau leɓe, f ce. In kuma duk da haka wani ya yi maka dariya a taro, rubuta masa Worcester a takarda, ka roƙe shi cikin ladabi ya karanta wa jama'a. "Wusta" ake cewa, amma kada ka gaya masa sai ya gama.